Kifin Gidan Kanar

Tun kuna ƙanana kuke ganin duk lokacin Kirsimeti ina cika kwando da bandar kifi in kai unguwar Gawon Nama, gidan Baba Istifanus. Kun sha jin mutane suna yabona a kan haka, wai Alhaji Ummaru bai san bambancin addini ba wajen zumunci, kuma na ga yadda fuskokinku ke sakewa idan an faɗa a gabanku. Ni ma ina jin daɗin yabon, shi ya sa na yi gum shekara da shekaru. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya. Ina so ku ji daga bakina yadda aka yi na san hanyar gidan nan, don kada wata rana ku ji a bakin wani ku ce sharri ake yi wa ubanku.

A shekarar da abin ya faru ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen kula da kamun kifi. Ina da keke, da ɗaki biyu na haya, da uwarku Hajara wadda ke ɗauke da cikin babbanku. Zamanin kuɗin mai ne. Abin da mutum bai taɓa mafarkin gani ba sai ka ga an sauke shi daga jirgi, har na san wanda ya sayi firji alhali unguwarsu ko turken lantarki babu, ya riƙa ajiye manyan rigunansa a ciki. Amma kuma zamanin soja ne. Sai a buɗe rediyo a ji an sallami wane da wane daga aiki nan take, ba tuhuma ba jin ba'asi. Mutumin da kuka raba goro jiya, yau ka tarar da teburinsa wayam, kowa na kauce wa ambaton sunansa. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, Allah bai yi ni da ƙarfin hali ba. Kun sha yi mini dariya yadda nake cire hula in ɗan sanda ya tsayar da mu a hanya. To a wancan lokaci abin ya fi haka, da na hango kaki yawun bakina yake ƙafewa.

Wata safiya motar soja ta tsaya a ƙofar ofishinmu, wani saje mai jajayen idanu ya shigo ya ce ina ɗan Sarkawan nan. Kafin ya rufe baki shugabanmu ya nuna ni da biro. Sarkawa su ne mu, masunta tun kaka da kakanni, kuma ban taɓa jin asalina ya yi mini nauyi irin na ranar ba. A cikin motar babu laifin da na taɓa yi a duniya wanda ban tuno ba. Aka kai ni wani babban gida a unguwar da Turawa suka bari, gidan wani Kanar. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba laifinsa na zauna rubutawa ba.

A falonsa, inda sanyin na'ura ke ratsa ƙashi, na ga abin da ban taɓa gani ba: akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwa garai-garai, fitila na haska shi daga sama, kumfa na tasowa daga ƙasa. A ciki an jera fararen duwatsu masu rassa, aka ce mini murjani ne. Tsakanin rassan wasu 'yan kifaye ke kai da kawo, mafi girmansu bai wuce yatsa biyu ba. Akwai masu ruwan lemo da farin ɗamara, akwai shuɗaye kamar an tsamo su daga marina, akwai masu ruwan ɗorawa. Su goma sha huɗu. Ni da nake tutiyar babu kifin da ban sani ba a gulbin Rima, daga tarwaɗa har minjirya, ko ɗaya ban gane ba. Kifin teku ne, ruwan gishiri suke rayuwa a ciki. Wani Kwara ne, Balaraben ɗan kasuwa, ya kawo su daga Ikko, har da gishirinsu na musamman a buhu, da wani ɗan tsinken gilashi da ake jefawa a ruwan a ga ko gishirin ya yi daidai.

Kanar ya dube ni daga sama har ƙasa, yana buga 'yar sandarsa a tafin hannu.

"An ce ubanka ne mai cire ƙaya a Kwalkwalawa. An ce ku kifi yana jin maganarku. Haka ne?"

Rabin maganar gaskiya ce. Kakanku, in ƙayar kifi ta maƙale wa mutum, sai ya tofa wani abu a ruwa ya ba shi, ya shafa masa maƙogwaro, ta wuce. Abin da yake tofawa kuwa ban taɓa sani ba, don na gudu makarantar boko tun kafin in isa a ba ni. Da na ce haka, da an mayar da ni ofis da azahar, shi ke nan. Amma na dubi sandar nan, na dubi sajen da ke tsaye a bakin ƙofa, sai na ji bakina ya ce:

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Daga ranar aikina ya zama kowace safiya in biya gidan kafin ofis, in ba kifi abinci, in auna gishiri, in goge gilashi. A nan na san Istifanus, kukun gidan. Mutumin kan duwatsun Filato ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ya yi wa Turawa girki kafin soja su gaje shi tare da gidan. Shi ya nuna mini yadda ake tada janareto da gudu in an ɗauke wuta, don in kumfar nan ta tsaya kifin ba sa daɗewa. Kullum sai na tarar ya ajiye mini shayi da burodi a bayan kicin. Malam Kifi yake kirana. Yana zaune da matarsa da 'ya'ya huɗu a ɗakunan bayan gida, kuma da yake ba a barin yaran su leƙa falo, wata rana na kawo musu 'yan ƙarfasa uku daga gulbi a cikin kwalba, su ma su sami na kallo. Ku riƙe maganar kwalbar nan.

Bayan wata uku Kwaran ya dawo da sababbin kifaye a cikin ledoji masu ruwa, Kanar ya sa aka kira ni in zaɓa. Akwai wani mai ɗan tsukakken baki da ke tsattsagar gansakuka, akwai wasu 'yan jajaye masu ɓuya a rami. Su na yi niyyar nunawa, don ko makaho ya shafa bakinsu ya san ba za su dami kowa ba. Amma idon Kanar ya riga ya faɗa kan wani guda. Ya kai tafin hannu, jikinsa zane-zanen ja da fari, ya baza fukafukai kamar tolotolo, ga ƙayoyi dogaye a gadon bayansa. Kwaran ya ce zakin teku ake ce masa, kada a kuskura a taɓa ƙayar, dafi gare ta. Da aka tambaye shi halinsa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce in ya ƙoshi ba ruwansa da kowa. Ɗan kasuwa ne, jirginsa na jiransa. Ina tsugune ina kallon kifin nan sai ya yi hamma. Bakin ya buɗe ya kai bakin kofin shayi, irin na giwan ruwa sak. Nan take na ji muryar kakanku a kunnena, abu guda da na koya a wurinsa tun ina riƙe masa gora a cikin kwale-kwale:

"Ummaru, kak ka dubi launi, dubi baki. Wanda bakinai ka kallon ƙasa, laka shika ci. Wanda bakinai yay yi hwaɗi, duk abin da ka shiga ciki abincinai na."

Kanar ya nuna shi da sanda.

"Wannan nake so. Zai zauna da ƙananan?"

"Ranka ya daɗe, bakinsa ne dai..."

"Bakinsa me? Ba kai ne ɗan Sarkawa ba? Ɗaure masa bakin mana. Ko ƙarya aka faɗa mini?"

Yana dariya ya faɗa, amma kalmar ƙarya ta sauka mini a ciki kamar dutse. Ɗaurin baki kuwa abu ne da kowa ya yarda masunta na yi wa kada da dorina. Na miƙa hannu bisa ledar, na rufe ido na shiga motsa leɓe. Allah ya yafe mini, abin da na karanta lissafin sau bakwai ne da muka haddace a firamare. Da na kai bakwai sau tara sai na tofa, na ce an ɗaure. Aka juye shi cikin akwatin. Istifanus yana tsaye da tiren shayi yana kallona.

Kwana shida ba abin da ya faru, har na fara tunanin ko lissafin ya ci. Rana ta bakwai shuɗi ɗaya ya ɓace. Kanar mutum ne mai son fareti, kowace safiya sai ya tsaya gaban gilashin ya ƙirga su da sandarsa ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaga duwatsu, aka duba bayan akwati, babu gawa babu ƙashi. Ni kuwa na ga cikin zakin ya yi tulu, ya lafe a gindin murjani yana lumshe ido. Bayan kwana uku wani ya bi. Sai wani. Na daina iya cin abinci. Ina kan keke da safe sai in yi ta waige. In mota ta rage gudu a bayana sai in kauce gefen titi in tsaya. Uwarku ta tambaye ni ko wani abu ya faru a ofis, na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Kullum ina tsara yadda zan ce wa Kanar ɗaurin ya kwance, a raba su, kullum in na ga takalminsa a kan matakala sai maganar ta koma.

Ranar da na biyar ya ɓace, Kanar ya tara duk ma'aikatan gidan a falo, hantsi ya ɗan ɗaga. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. Ya ce kifi ba ya da ƙafa, a gidan nan akwai ɓarawo, kuma ba mai fita sai an same shi. Sai Istifanus ya matso gaba, yana murza tawul a hannu.

"Oga, ba wanda ya sata. Ni na gani da ido na. Ina goge tebur jiya, wannan babban ya matso a hankali, ya buɗe baki, ƙaramin ya shige. Ko motsi bai yi ba."

Kanar bai ko dubi akwatin ba. Ni ya juyo ya duba.

"Zai yiwu?"

Ina so ku sani ban ruɗe ba, ban kuma manta komai ba. Hankalina ɗaya. Na san gaskiya Istifanus ya faɗa, na san shayin da na sha da safen nan shi ya dafa. Amma na ga gadirum, ɗakin da soja ke tsare mutane, na ji sunana a rediyo, na ga uwarku da tsohon ciki an fitar mata da kaya daga gidan haya. Gumi ya bi bayana duk da sanyin falon.

"Ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe. Bakinsa a ɗaure yake."

Sai sajen nan ya ce ai shi ma ya taɓa ganin yaran kuku suna wasa da 'yan kifaye a kwalba. Istifanus ya waiwayo ya dube ni. Ba harara ba ce, jira yake, don ya san ni na kawo kwalbar. Na sunkuyar da kai ina kallon kafet. Ban ga marin da aka sharara wa Istifanus ba, ƙararsa na ji, da ƙarar kansa da ya bugi ƙyauren ƙofa. Da na ɗago yana durƙushe ya dafe kunnen hagu, jini na bin tsakanin yatsunsa. Kafin azahar an watso kayansu bakin ƙofar gida a cikin rana, matarsa na ɗaure tukwane a zani, yaran na riƙe da kwalbarsu. Na bi ta ƙofar baya na tafi.

Na zaci a nan tsoron zai ƙare, ashe farawa ya yi. Saura ƙanana tara a akwatin, kuma kuku ya tafi. In ɗaya ya sake ɓacewa, kowa zai san wanda ya yi ƙarya. Dole zakin nan ya kasance a ƙoshe kullum, shi kuwa ba ya kallon abin da ba ya motsi. Saboda haka kowace rana da na idar da sallar asuba sai in hau keke zuwa ƙauyenmu Kwalkwalawa, in ɗauki homar kakanku, 'yar ragar kamun kifi, in kamo 'yan ƙananan kifaye a gefen gulbi, in zuba a gwangwani, in komo gari da gudu kafin Kanar ya sauko. Kifin gulbi ba ya jure ruwan gishiri, amma yakan yi ɗan iyon da ya isa a haɗiye shi. Wata bakwai ina wannan. Ranar da aka kwana ana ruwa gulbi ya cika ya batse, na shiga har wuya. Ranar sunan babbanku na bar mutane zaune a kan tabarma na zame, aka yi ta nemana a raɗa suna. Zakin kuma girma yake, bakin na ƙara faɗi, abin da ya ishe shi jiya ba ya isarsa yau. In na makara na minti goma sai in tarar ya fara bin wani ɗan ruwan lemo a hankali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda Kanar kan gama ƙirgarsa ya dafa kafaɗata:

"Ka gani? Tun da ɓarawon nan ya tafi ko ɗaya bai ɓace ba."

Kakanku ba ya da yawan tambaya, amma ya gaji da ganina. Wata safiya yana gyaran koma a bakin ruwa ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Wai mi kaka yi da ɗiyan kihin ga kullum? Ko miya ba su yi."

Na tsuguna na faɗa masa komai. Ya ƙulle zaren, sannan ya ɗago.

"Ka dubi bakinai?"

"Na duba, Baba."

"Kuma ka gani?"

"Na gani."

"To ba bakin kihi kaɗ ɗaure ba, naka na. Mu ba mu gaji hakanga ba. Tahi ka hwaɗa ma sojan ga gaskiya, in kashe ka za shi yi, ni ka zuwa ɗaukar gawa."

Na ce to. Ban je ba. Washegari na dawo na ɗauki homar, bai hana ni ba, amma daga ranar bai sake kirana in shiga kwale-kwalensa ba har ya bar duniya.

Kada ku zaci wani ƙarfin hali ne ya zo mini daga baya. Canjin wurin aiki aka yi wa Kanar, kwana biyu aka ba shi. Aka kwashe janareto da na'urar sanyi aka loda a mota, aka bar akwatin, ga bazara ta tsaya. Kafin kwana biyu kifayen duk sun mutu sun taso sama, har zakin. Da shebur na kwashe shi, don ko a mace ina tsoron ƙayarsa. Na binne shi a gindin wani dogon yaro, na tsaya ina jiran in ji sanyi a raina, ban ji ba.

Na san inda Istifanus yake tun makon farko. Ba babban gidan da zai ɗauki kukun da aka kora da sunan sata, sai ya gina ɗan tanda a Gawon Nama yana gasa burodi. Shekara goma sha ɗaya ina zagaye layin nan, ko da zai ƙara mini tafiya. Sai bayan rasuwar kakanku, da na je ɗauko kayansa na ga homar nan rataye a bango, na kasa yin kwana biyu ban je wurin Istifanus ba. Na same shi da la'asar zaune a benci gaban tandarsa, kansa ya yi fari. Ya amsa gaisuwata, ya matsa mini. Na zauna a hagunsa, na kafa ido a ƙasa, na fara. Ban rage komai ba, da hammar kifin, da lissafin sau bakwai, da kwalbar, da wata bakwai na gwangwani. Ina yi hawaye na zuba, shi kuwa yana kallon titi. Da na gama na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Sai ya waiwayo, ya ga fuskata a jiƙe, ya yi mamaki.

"Malam Kifi, magana kake yi? Dawo ta wannan gefe. Wannan kunne tun ranan nan bai sake ji ba."

Taku uku ne daga wannan gefen bencin zuwa wancan. A cikin taku ukun nan tsohon halina ya taso mini, ya ce ka ce gaisuwa ka zo, ai ka riga ka faɗa, Allah ya ji. Na zauna a damansa na sake faɗa tun daga farko, kuma na biyun ya fi na farkon wuya nesa ba kusa ba, don yanzu yana kallona.

"Ai na sani," in ji shi. "Ranan da aka kawo shi na ga ka kalli bakin shi, na ga fuskan ka. Ni na yafe tun tuni. Amma yara na sun girma ana ce musu yaran ɓarawon kifi. Su za ka gaya wa."

Ya kira su, na faɗa a gabansu ina tsaye. Babbar 'yarsa ta tashi ta shige ɗaki, ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Da zai raka ni bakin titi, ya ba ni burodi biyu masu zafi, ya riƙe hannuna.

"Naka yaran fa? Sun sani?"

Na ce sai sun ƙara wayo. Duk shekara in na kai kwandon sai ya tambaya, duk shekara in ce sai baɗi. Bara aka binne shi, ku kuwa wasunku har furfura ta fara fito musu. Sojan ya mutu, sajen ya mutu, ba sauran wanda zai kai ni gadirum, amma ku ɗin nan na fi tsoro duka, shi ya sa kuka zo a ƙarshe.

To ga shi, karo na biyar ke nan da na faɗa. Istifanus bai saci kifin kowa ba. Kifin ne ya cinye 'yan'uwansa, ni na ga bakinsa tun ranar farko, ni kuma na ce ba zai yiwu ba. Bana ba zan iya hawa mota ba, ɗayanku zai kai wa matar Istifanus kwandon. In wani ya tare ku a hanya ya fara yabon zumuncin ubanku, kada ku yi murmushi ku wuce. Ku tsaya ku gaya masa dalili.